Kilam mai juyi a kan injin milin

Yawancin aikin da ke shigowa shagonmu na wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina gyara ne: shaf ya cinye, fuli ya tsage, wani ƙarfen tarakta da ba a samu a kasuwa ba. Guda ɗaya ne ko biyu, bais, wato matsin da ke kama ƙarfe, da noti sun ishe shi. Amma tun da ƙananan injinan casar shinkafa da na niƙa suka yawaita, masu haɗa su sukan kawo mana gidan boris na zubi buhu-buhu, a share masa gindi, a huda masa ramuka. A irin wannan aiki ne mutum yake gane cewa sifana ta fi injin milin, wanda ke share ƙarfen, cin lokaci. Ka ɗora, ka ɗaure noti huɗu, injin ya yi yankansa cikin ɗan lokaci, ka kwance, ka share, ka sake ɗorawa. Ga shi kuma hannun da ya ɗaure da safe ba shi ne zai ɗaure bayan la'asar ba, ko da mutum ɗaya ne. Gajiya tana shiga cikin awo.

Abin da ya kai mu ga kilam ɗin haidurolik mai juyi ke nan, wato abin da ke danne ƙarfen da ake aiki a kansa da ƙarfin mai maimakon noti. Namu tsofaffi ne, sun zo a jikin wani faranti da aka ciro daga injin da aka shigo da shi na hannu, muka tsinto su a Ƙofar Ruwa a Kano. Na san akwai 'yan'uwa masu sana'a a Funtua da Daura da suka ga irinsu suka wuce, wasu kuma suka saya suka kashe su cikin ɗan lokaci, suka ce kayan ba su da ƙwari. Da ƙwarinsu. Wuri ɗaya ne mai rauni a jikinsu, kuma kusan duk ƙa'idar aiki da su ta kare wannan wurin ce.

Ga yadda abin yake. Ƙaramar silinda ce mai fistin, dangin wadda ke ɗaga bayan tifa, sai dai ita ja take yi ƙasa. A saman sandar fistin an ɗaura hannu na ƙarfe. Idan mai ya shiga, sandar ba ta sauka kai tsaye. Da farko tana sauka tana murɗawa, hannun ya juyo daga gefe ya tsaya bisa aikin, yawanci digiri 90, ko da yake ana yin na 45 da na 60. Sai juyin ya ƙare sannan ta sauka a miƙe ta danne. In an saki, ta tashi a miƙe, ta juya gefe, saman aikin ya zama fili, ka ɗauke shi ka ajiye wani ba abin da ya tare ka. Abin da ke sa murɗawar tsagi ne da aka yanka a karkace a jikin sandar daga ciki, da 'ya'yan boris ko ɗan fil da ke bin tsagin. Wannan tsagin shi ne mai raunin. An yi shi ne ya juya hannu marar kaya, ba a yi shi don ya ɗauki nauyi ba.

Saboda haka abu na farko: hannun ya taɓa aiki bayan ya gama juyi, a cikin saukar nan ta miƙe. Saukar kuwa gajera ce, a ƙananan kilam ba ta cika wuce milimita 8 zuwa 15 ba. Ni nakan saita ƙusar da ke bakin hannun yadda za ta taɓa aikin a tsakiyar wannan tazara, don a samu rara sama da ƙasa. Kayan zubin da ake kawo mana ba sa fitowa kai ɗaya, wani ya fi wani kauri da milimita biyu ko uku. In aikin ya yi tsawo har hannun ya same shi yana cikin juyi, tsagin ne zai sha dukan, kuma hannun zai ture aikin gefe. In ya yi gajarta, fistin zai kai ƙarshensa ya zauna, geji ya nuna matsi ya cika, alhali hannun shafar aikin kawai yake yi. Wannan ta biyun ta fi haɗari, don ba abin da zai gaya maka sai kota, wato wuƙar injin, ta shiga ƙarfe.

Na biyu gudu ne. Famfon da muke da shi ya fi ƙarfin 'yan silindun nan, in aka bar mai ya shiga yadda ya ga dama hannun fizga yake yi, ya buga ƙarshen tsagin da duk nauyinsa. Ba zai karye ranar ba. A hankali 'ya'yan boris za su ci gefen tsagin, hannun ya fara wasa, wata rana ya sauka a inda ba nan ba. Maganinsa bawul mai rage gudu, kuma a sa shi a hanyar da mai ke shiga, don in aka shaƙe hanyar fita matsi na iya ninkuwa a ɗaya gefen fistin. Ni ba na yarda hannu ya gama juyi da dannewa a ƙasa da kusan daƙiƙa ɗaya, in hannun dogo ne ko mai nauyi nakan ƙara rage masa. Wani yaron shagonmu ya taɓa ce mini, "Oga, ai zai iya fin haka sauri." Na ce masa zai iya, amma ya lissafa rabin daƙiƙar da zai samu ya gwada da kwanakin da za mu zauna jiran wani kilam ɗin daga Legas. Sauri kan haifi nawa.

Akwai wani abu game da gudun nan da ya shafe mu mu 'yan Katsina musamman. Mai yana kauri da sanyi, yana tsinkewa da zafi. Bawul ɗin da ka saita da sassafe a watan Janairu, lokacin hunturu, in ka bar shi haka har Afrilu da rana ke wuce digiri 40, za ka tarar hannun ya koma fizga. A saita gudu bayan mai ya ɗumama, kuma a sake dubawa in yanayi ya juya.

Na uku shi ne wanda aka fi yi cikin rashin sani, ɗaure notin hannu. Hannun yana zaune ne a kan sandar, yawanci a bakin da aka fiƙe, noti ya matse shi. Mutum zai zo ya sa doguwar sifana ya ja da ƙarfinsa, bai riƙe komai ba. Duk wannan murɗar ta bi sanda ta sauka kan tsagin. A riƙe hannun da wata sifanar ko a kama shi a bais, sannan a ja notin. Haka wajen kwancewa. Kuma ba a dukan hannun da guduma don ya fita, fula ake sa masa, wato abin da ke zaro shi. Wasu kilam ɗin Jamus suna da abin kariya a ciki da ke sakin sandar in hannun ya ci karo da wani abu, amma ba duka ba ne, kuma tsohon kaya ba ka san abin da ya gani ba kafin ya zo hannunka.

Batun ƙarfi lissafi ne mai sauƙi, matsin mai sau faɗin wurin da yake turawa. Sai dai tun da ja yake yi, man yana aiki ne a gefen da sanda take, don haka sai an cire faɗin sandar. A ce fistin milimita 25 ne, sanda 16. Abin da ya rage bai kai murabba'in santimita 3 ba, wajen 2.9. Da bar ake auna matsin mai, kuma a matsin bar 350 wannan ya ba ka kusan tan ɗaya. A matsin bar 70 kuwa wajen kilo 200. Abin da zai isa bakin hannun bai kai haka ba, don hannun yana gefe ne, yana neman lanƙwasa sandar, gogayya ta ci wani abu. Waɗannan lambobin biyu ban ɗauko su da ka ba, su ne manyan matakan matsi da ake ƙera kayan a kansu. Kamfanonin Japan irin su Kosmek da Pascal sun yi suna a kayan bar 70, su Enerpac da Vektek na Amurka suna da na bar 350, Roemheld na Jamus yana da masu kaiwa 500. A ido suna kama da juna. Wanda ya haɗa na 70 da famfon 350 zai ga mai a rufin shago. A karanta abin da aka buga a jikinsa kafin a haɗa tiyo. Tiredin bakin mai ma ba ɗaya ba ne, na Turai da na Amurka sun bambanta, kuma in ka tilasta wani cikin wani zai kama zagaye biyu ya yaudare ka.

Mu maƙera ne, in hannu bai kai inda muke so ba sai mu yanka wani mai tsawo. Ba laifi, ni ma ina yi. Amma duk tsawon da ka ƙara, ƙarin lanƙwasa ne a kan sandar, dole matsin mai ya sauka. Masu ƙera kayan suna da jadawali na tsawon hannu da matsin da aka yarda, in an samu lambar kilam ɗin ana ganinsa a intanet. Mai son dogon hannu da cikakken ƙarfi tare, babban kilam zai saya.

Sai abin da bai shafi tsagi ba amma ya shafi kyawun aiki. Kilam ba ya saita aiki, riƙewa kawai yake yi. Zama daidai aikin matsayai ne na dindindin da ke jikin faranti, uku a ƙasa, biyu a gefe ɗaya, ɗaya a ɗaya gefen. A tsara yanka yadda kota za ta riƙa tura aikin kan waɗannan matsayai, kada a bar wa kilam shi kaɗai ya tare. Kuma bakin hannu ya sauka daidai saman matsayi. In ƙarƙashinsa rami ne, tan ɗaya zai lanƙwasa ƙafar gidan boris ɗin, ka share shi ya yi sumul, ka saki ya koma yadda yake, gindin ya fito a gantsare. Inda ba yadda za a yi, akwai 'yar madogara ta haidurolik da ke tasowa ta taɓa aikin ta kulle, sai a sa bawul mai jera aiki don kowane ya shigo a lokacinsa.

Iri biyu ne ta fuskar komawa. Akwai mai tiyo ɗaya, mai ya danne, sifirin ya mayar. Akwai mai tiyo biyu, mai ne ke kai shi ya dawo da shi. Na farkon ya fi sauƙin haɗawa, amma yana da 'yar kafar numfashi a gefen sifirin, kuma ta nan yake zuƙar ruwan sanyaya da ƙura. A garin da ƙurar hunturu ke shiga har cikin akwatin da aka rufe, ni mai tiyo biyu nake zaɓa. Wanda ke da mai tiyo ɗaya ya ja wa kafar ɗan bututu zuwa busasshen wuri.

Wuta kuma kowa ya san halinta. In ta ɗauke ana tsakiyar yanka, injin ba ya tsayawa nan take, kota na ci gaba da juyawa na ɗan lokaci. Dole a sa bawul mai hana mai komawa, wanda ba ya buɗewa sai an umarce shi, don aikin ya zauna a riƙe. Amma man da aka kulle yana da nasa hali: in ya ɗumama, matsinsa na hawa wajen bar 10 a kowane digiri ɗaya, in ya huce ya sauka haka. Farantin da aka ɗaure da safe aka cire shi daga famfo aka ajiye ƙarƙashin kwano, kafin azahar matsin ya yi nisa. Shi ya sa masu cire faranti daga famfo suke haɗa masa 'yar tukunyar ajiyar matsi mai iskar naitirojin, tana shanye hawa da saukar. Geji kuma ya kasance inda mai aiki ke ganinsa.

Mai ya zama na haidurolik na gaske, mai lambar kauri 32 ko 46, mai tsabta, da filta. Man birki yana kumbura robobin ciki, baƙin mai kuwa ba ma a maganarsa. Ban son farin tef ɗin masu famfon ruwa a kan tiredi, don guntunsa kan ɓalle ya toshe bawul. Sabon haɗi a fitar masa da iska da ƙaramin matsi, in ba haka ba hannun zai riƙa tafiya yana tsalle. Robar da ke share sanda a sama ita ce ke fara mutuwa, saboda zafafan ɓurɓushin ƙarfe a kanta suke sauka. Da ka ga sanda na fitowa da jiƙa, ko ta fara zane, lokacin canji ya yi.

Yaran shago nakan gaya musu abu biyu tun ranar farko. Hannunka kada ya shiga da'irar da hannun kilam ke bi, don shi bai san yatsa ba. Kuma ba a neman yoyo da tafin hannu. Mai a bar 350 da ke fita ta ƙaramin huji yana huda fata ya shige nama, ciwon ya yi kamar ba komai, alhali na tiyata ne cikin gaggawa. Kwali ake karawa a gani. Kafin a taɓa kowane noti na tiyo, a kashe famfo, a sauke matsi, a ga allurar geji ta kwanta.

Wanda aikinsa guda ɗaya ne yau, wani daban gobe, ban ba shi shawarar ya sa kuɗinsa nan ba. Famfo da bawul da tiyo da ƙera faranti sun fi kilam ɗin kansu tsada, kuma kowane sabon aiki da nasa farantin. Ya riƙe bais ɗinsa. Amma mai kwangilar abu ɗaya da ke dawowa duk wata, ya fara da kilam biyu masu tiyo biyu a kan aikin da ya fi yawan yi. In na hannu zai saya, ya sa a tura masa sandar sama da ƙasa a gabansa, ya kama hannun a inda ya gama sauka ya girgiza shi hagu da dama. In wasan ya yi yawa tsagin ya riga ya cinye, ya ajiye musu kayansu ya duba na gaba.