Tarihin Rayuwata, Kashi Na 17: Shekarar Da Shanshera Ta Faɗi

Assalamu alaikum jama'a. A makon jiya na tsaya a inda nace muku na bar tuƙin Keke Napep na koma gida wajen Kura na rungumi gonar Baffa, toh yau zan ɗora daga nan.

Gaskiya lokacin dana koma noma ina ganin na dace, domin tun da aka ƙaddamar da shirin gwamnati na baiwa manoma bashi, wato Anchor Borrowers, a Kebbi a 2015 kowa ya koma maganar shinkafa, sai kuma akazo aka rufe boda a watan Agustan 2019, wallahi a lokacin dillalan kamfanoni har bakin gona suke biyo mu da mota, ana bugu ana zubawa a buhu ana lodi, ba ka ma kai ta kasuwa ba. Da kuɗin shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, nayi aure, da ita na rufa ɗakin Inna da kwano.

Cire tallafin mai a 2023 ya fara karya mu, dan ni gonata tana can ƙarshe inda ruwan dam ɗin Tiga baya isowa sosai sai da inji, ga takin yuriya da na kamfa sun tashi, ga maganin feshi, ga masu dashe suma sun ƙara kuɗi kuma da gaskiyarsu. Duk muka jure saboda shinkafar ma tana tsada. Sai a watan Yulin 2024 gwamnati ta sanar da janye harajin shigo da shinkafa da masara da alkama da wake na kwana 150. Muna ji a rediyo Baffa yace min "kai yaro, rage gonar nan bana." Nace haba Baffa kwana 150 ne fa kawai. Shiru yayi yaci gaba da jan carbinsa.

Da muka girbe ta rani a 2025 babu dillali ko ɗaya a bakin gona. Ni da kaina na ɗauki samfur a leda ina bin masu injin casa, mutum ya zuba a tafin hannu ya murza ya hura, sannan ya faɗi kuɗin da ko na taki bai mayar ba, wai kamfanoni sun cika sito da ta waje. Abin dariya kuma na dawo gida uwargida tana murna wai kwanon shinkafa ya sauko, me zance mata? Itama gaskiyarta ce, talaka ya sha wuya, ni bana faɗa da arhar abinci.

Abinda yake ci min rai shine an buɗe ƙofa an bar manomi shi kaɗai. Ƙanina dake karatun noma a jami'a shi yake bani labarin Mekziko, yace da suka shiga yarjejeniyar ciniki da Amurka da Kanada a 1994 sun san masarar Amurka zata kwararo, sai gwamnatinsu ta fito da shirin PROCAMPO tana biyan manomi kuɗi a hannu gwargwadon hektar gonarsa, ba bashi ba. Yace suma manya sunfi cin moriya tunda sune masu faɗin gona, kuma ƙanana da yawa sun bar ƙauye duk da haka. Nace toh ai ko ba komai an san da zamansu. Mu nan sai a rubuta suna, a karɓi lambar waya da hoto, daga nan shikenan, ni sunana ya shiga takarda har na gaji.

Dole na saida injin ban ruwa na biya mai taki, rabin gonar na bada haya, sauran nasa albasa. Yadda albasar tayi dani, da rigimar da muka kwasa da mai hayar, sai mako mai zuwa in Allah ya kaimu.