Kaska a bayan kunnen Hanif

Lahadi da dare. Mun dawo daga zangon kwana biyun nan lafiya. Tanti na shanye a waje, jakunkuna jibge a falo, ni kuwa barci ya ƙi zuwa.

Wajen wanka na gan ta. Ina cuɗa wa Hanif bayan kunne sai na ji wani ɗan abu ya tokare min yatsa. Na ɗauka datti ne, na sa farce, ya ƙi fita. Da na haska fitilar waya sai ga 'yan ƙafafu. Kaska ce, da ƙyar ta kai ƙwayar riɗi, ta kafa kai ta yi lamo abinta.

Na ƙwala wa Abban Hanif kira. Ya leƙa, ya juya, sai ga shi da ashana.

"Me za ka yi da wannan kuma?"

"Zafi zan ɗana mata, da kanta za ta saki."

"A kunnen yaron? Don Allah ajiye."

"To a shafe ta da basilin mana."

Na ce duk kanwar ja ce. Jiran ta saki ɓata lokaci ne, kuma in an takura mata tana iya ƙara zuba yawunta a jikinsa. Ya ce tun yana yaro haka ake yi, ba wanda ya mutu. Ban tanka ba. Na ɗauko hantsaki mai tsinin baki, na kama ta dab da fata, na ja sama a hankali ba murɗawa. Ta fito har da kanta. Na wanke wurin da sabulu, na manne ta a jikin salatif, na rubuta kwanan wata. Hanif ko kuka bai yi ba, so yake ma a ba shi ya nuna wa Amira.

Abin da ke cina shi ne na yi komai. Tun Alhamis na fesa wa kayansu da takalmansu permethrin, maganin kashe ƙwari da ake sa wa tufafi. Wando cikin safa, riguna masu haske, maganin shafawa mai DEET, sinadarin korar ƙwari, a hannu da wuya. Daren jiya na duba Amira tas: hammata, cibiya, bayan gwiwa, cikin gashi. Shi kuwa ya ɓingire da wuri, na ce bari sai da safe. Da safe hidimar naɗe tanti ta ɗauke min hankali.

Yanzu lissafi nake. Kaska ba ta tashi, ba ta tsalle, a bakin ciyawa take laɓewa ta jira mai wucewa. Jiya da la'asar ya bi ƙwallo cikin doguwar ciyawar bayan tanti. In a nan ta hau shi, ta haura awa 24 ke nan, kuma galibi sai bayan haka ƙwayar cutar Lyme, wadda cizon kaska ke yaɗawa, ke samun shiga jiki. Amma ba ta kumbura ba, a lafe take. Da wannan nake lallashin zuciyata.

Kayan duka sun yi minti 10 a injin busarwa da zafi sosai kafin wanki.

Amira ta baro takalminta ɗaya a can. An sha kuka.

Gobe zan kira likita. Jan tabo mai faɗaɗa, alamar cutar Lyme, yakan fito tsakanin kwana 3 zuwa 30 bayan cizon, ga zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi da zan riƙa lura da su. Wata guda cur ina leƙen kunne.

Abban Hanif na ta munshari. Ɗazu na sake shiga ɗakin yaran da fitila, karo na uku. Ɗan ɗigo ne ja kawai, bai ƙaru ba.