Kuɗin da suka kashe mana gwiwa a Rikkos

Lokacin da madatsar ruwa ta Lamingo da ke Jos ta tumbatsa a watan Yulin 2012, ambaliya ta share gidaje a Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo, aka rasa rayuka fiye da 30, ni aka ɗora wa jagorancin matasan layinmu wajen kwashe laka da ɓaraguzan gini. Ga azumi a baki, ga sanyin daminar Jos, ga ƙarancin shebur, amma wanda bai samu ba sai ya sa kwano ko hannu, kuma ban ji wanda ya yi ƙorafin gajiya ba.

Ana cikin haka sai wani mai hannu da shuni ya zo jaje tare da masu ɗaukar hoto, ya yafito mutum huɗu da suka fi kusa da motarsa, ya danƙa musu kuɗi, ya yi gaba. Biyu daga cikinsu isowarsu ke nan, rigunansu fes. Washegari kusan rabin jama'a ba su fito ba, waɗanda suka fito kuwa sai jan ƙafa da harara. Har yau abin yana ci mini rai, domin babu wanda ya fito neman kuɗi tun farko; ganin an fifita wasu a kansu ne ya karya musu zuciya, abin da yunwa da laka suka kasa yi.

Wani dattijo magini, wanda nasa ɗakin ma ya rushe, bai fasa ba. Na ce masa, “Baba, ka huta mana.” Ya ce, “Yaro, ai ba don su nake yi ba.” Na zaci ganinsa zai kunyata sauran su dawo, amma ko gezau. Karsashin mutum ɗaya yana iya tsayawa a kan niyyarsa, na jama'a kuwa ya rataya ne ga yardar da kowa ya yi cewa nauyi da lada na kowa da kowa ne.

Sai da liman ya sa aka dawo da kuɗin a ƙofar masallaci, aka ƙirga a idon kowa, aka sayi shebur da kunu da ƙosan buɗa-baki, sannan aiki ya farfaɗo. Tun daga nan, duk gudummawar da ta zo aikin da nake jagoranta, a bainar jama'a ake karɓarta, ko da mai bayarwa zai ji haushi. Wasu daga cikin matasan nan dai ba su sake ɗaukar shebur ba har aka kammala.