Kwali sabo, mazubi tsoho: abin da na gani a samfuran MiG-21

Faɗin jirgin yaƙin MiG-21 daga bakin fiffike zuwa bakin ɗaya fiffiken mita 7.15 ne. Idan aka rage shi zuwa sikelin 1/72, wato kowane inci ɗaya na samfuri ya tsaya a madadin inci 72 na jirgin gaske, ya kamata faɗin ya zo milimita 99 da 'yar ɗoriya. Da wannan lissafi na fara lokacin da na ƙudiri aniyar haɗa ƙaramin samfurin roba na MiG-21MF mai tambarin kore, fari, kore, irin waɗanda rundunar sojin saman Najeriya ta karɓo daga Tarayyar Sobiyet a tsakiyar shekarun 1970. Na samo kwalaye daga kamfanoni daban-daban, na zazzage robobin a kan tebur, na ɗauko rula.

Wanda ya fi ɗaukar ido shi ya fi ba ni takaici. Kwalin sabo ne fil, zanen jirgin a jikinsa sai ɗaukar ido yake yi, ga takardar sitika mai kyau. Amma robar ciki ta tsufa tun kafin a zuba ta. Layukan mahaɗar ƙarfen jikin jirgin a kumbure suke, kamar yadda ake yi a da, maimakon a zana su ciki. Gefen kowane yanki akwai siririyar rarar roba da ta tsiyayo, alamar mazubin ƙarfen ya ci duniya har bakinsa ya daina haɗuwa sosai. Gilashin mazaunin matuƙi kauri gare shi, ba ka ganin komai a ciki, ko da yake ba wani abin gani: kujera ce kawai da fili. Da na juya fiffiken ta ciki sai na ga gurbin da aka kankare wani rubutu. Sunan kamfanin da ya fara sassaƙa mazubin ne aka goge.

Wannan ba baƙon abu ba ne a harkar. Sassaƙa mazubin ƙarfe shi ne ke cinye kuɗi, kuma idan an yi shi yakan daɗe fiye da kamfanin da ya yi shi. Kamfanin Frog na Ingila, wanda tun 1936 yake sayar da jiragen roba a sikelin 1/72, ya rufe a 1976, aka sayar da yawancin mazubansa ga Tarayyar Sobiyet, suka dawo kasuwa da sunan Novo. Na jiragen Jamus na yaƙin duniya na biyu Sobiyet ba ta karɓa ba, kamfanin Revell ne ya kwashe su. Bayan rushewar Sobiyet robobin Frog suka ci gaba da fitowa a kwalayen Rasha da Yukren. Sai mutum ya sayi abin da yake zaton na bana ne, alhali an zana shi kafin a haife shi.

Ga MiG-21 kuwa shekarar mazubi ba ƙaramin abu ba ce. Jirgin ya shiga aiki a 1959, a tsakiyar yaƙin cacar baka, kuma masu zane a Ingila da Amurka da Japan ba su da damar zuwa su auna shi. Abin da ke hannunsu hotuna ne da aka ɗauka daga nesa. Sai a 1966, da matuƙin Iraƙi Munir Redfa ya gudu da nasa zuwa Isra'ila, ƙasashen Yamma suka samu guda suka duba da kyau, shi ma cikin nau'o'in farko-farko yake, F-13. Ga shi jirgin ya yi ta sauya kama, an ƙera sama da 10,000 a Sobiyet kaɗai, nau'i bayan nau'i. Shi ya sa ba na ganin laifin mai zanen da ya yi kuskure a wancan zamani. Wanda nake ganin laifinsa shi ne mai zuba tsohuwar roba a sabon kwali ya yi shiru.

Na auna fiffiken tsohon, ya gaza da kusan milimita biyu. Wannan bai dame ni ba sosai, ba mai lura da shi a kan kanta. Abin da ido ke kamawa nan take doron jirgin ne da hancinsa. MF da bis, nau'o'i biyu na MiG-21, 'yan gida ɗaya ne, amma bis injinsa R-25 ne, na MF kuwa R-13, kuma doron bis ya fi kauri saboda ƙarin mai da yake ɗauka, yana miƙewa ya shige gindin wutsiya sosai. Na MF ya fi siranta, yana kuma ƙarewa da wuri. Tsohon samfurin nan an rubuta masa MF, doronsa kuwa ba na wannan ba ne ba na wancan ba. Da na jera shi kusa da bis na Zvezda, kamfanin Rasha, sai abin ya fito fili: tsaka-tsaki aka yi masa, kamar ɗinkin telan da bai auna mai riga ba.

Na Eduard, kamfanin Jamhuriyar Cek, wanda ya fito a 2018, wata duniya ce daban. Sojin saman Cek sun tuƙa MiG-21 har zuwa 2005, jiragen suna nan a gidajen tarihinsu, ana iya zuwa da tef a auna. Ana ganin haka a robar. Fiffiken ya zauna a kan milimita 99. Har bambancin MF da aka ƙera a masana'antar Gorki da wanda aka ƙera a Mosko sun fitar, kowanne da kwalinsa, saboda layukan jikinsu ba iri ɗaya ba ne. Na daɗe ina kallon ramin tayar gaba da tabarau mai ƙara girma: ƙananan haƙarƙarin ƙarfe da bututu, duk a wurin da bai kai faɗin farce ba. Sai dai yana cin lokaci. Wasu sassan sun yi ƙanƙantar da in ɗaya ya faɗi ƙasa sai a yi masa addu'a, kuma gam ɗigo ɗaya ya wuce kima ya isa ya narkar da zanen.

Zanen ma'auni da ake bugawa a mujallu shi ma na daina ɗaukarsa a matsayin alƙali. Na ɗora gangar jirgi ɗaya a kan zane biyu, ta dace da ɗaya ta saɓa wa ɗaya. Mutum ne ya yi zanen, wani lokaci ma injin buga takarda kan ja shi ya ƙara tsawo. Yanzu nakan fara auna zanen kansa da adadin da masana'anta ta bayar, sannan in koma ga hotunan jirgin gaske da aka ɗauka daga gefe sosai.

Akwai tarko guda ga mai son jiragen Najeriya. Jirgin F-7NI da Najeriya ta sayo daga Sin jikan MiG-21 ne, amma fiffikensa yana da lanƙwasa a gefen gaba, ba miƙaƙƙen kusurwa uku ba ne. Robar MF ba za ta ba ka shi ba ko da ka manna sitikar da ta dace.

Na Eduard na sa wa tambarin Najeriya. Mazaunin matuƙi na shafa masa shuɗi mai ratsin kore irin na jiragen Sobiyet, tsinin hanci kuma kore. Tsohon ban jefar da shi ba. A kansa nake gwada fenti da sanfefa, kuma shi zan ba duk yaron da ya nuna sha'awar koyo, don sassansa kaɗan ne kuma manya. Kafin in sayi wani kwali yanzu, nakan nemi shekarar da aka fara zuba robar da sunan kamfanin da ya sassaƙa mazubin, in kuma nemi hoton sassan a buɗe in ga irin layukan jikinsu.