Kwana tara bayan aikin Inna

Yau da asuba na tarar da Inna a kan darduma ta kasa ɗagowa daga sujada, hannu biyu dafe da ciki. Kwana tara ke nan da aka cire mata mahaifa. Ashe tun shekaranjiya take fama, tana ta shan jiƙon kanwa wai iska ce. A asibiti likita ya tambaye ta: "Hajiya, yaushe rabonki da bayan gida? Akwai zazzaɓi?" Sai ta sunkuyar da kai, kunyata take ji. Ya ce bayan irin wannan aiki ciwo mai tsanani kan taso daga hanji da ya tsaya ko ya toshe, ko ƙwayoyin cuta a wurin ɗinki, ko jini da ya taru a ciki, wani lokaci ma rauni a mafitsara ko bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda. Nata hanjin ne. An sa mata ƙarin ruwa, an hana ta cin komai.

Abin da ke cina, kwana biyun nan ni nake kai mata kunu, ina ganin tana barin rabi, ban tambaye ta dalili ba.