Ƴar ƙaramar kwamfutata

Yau na kai ƴar ƙaramar kwamfutar teburina wajen mai gyara a ƙara mata ƙarfi, yana zare murfin na leƙa, wallahi ciki a cushe ko yatsa ba wurin sawa. RAM dai, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, ya ƙara ta koma 16GB, irin ta laftof ce ma, SSD kuma, wato ma'ajiyar fayiloli, ya ce ƙara shi ba matsala. Da na ce katin girafik fa, wato wanda ke sarrafa hoto da bidiyo, sai ya ɗago cajarta mai wat 65 yana dariya, "Yallaɓai ina ramin sa shi, ina wutar da za ta ja shi?"

Ina sonta fa, ba ta shan wuta, inbata na riƙe ta har dare. Amma aikin bidiyon da nake son farawa kam sai dai in tara kuɗin babba.