Asabar: ni da ƙanena da butloda

Yau ban taɓuka komai daga abin da na tsara ba. Tun da hantsi ƙanena ya faɗo min da wayarsa a hannu da kwamfuta a jaka, wai ya kwana yana kallon bidiyon yadda ake yi wa waya rut, wato samun cikakken iko a kan manhajar da ke tafiyar da ita, so yake in zauna kusa da shi kawai ya yi da kansa. Na tambaye shi me zai yi da rut ɗin. Ya ce tallace-tallace sun ishe shi, sannan akwai manhajojin da suka zo da wayar, ba ya amfani da su, kuma sun ƙi goguwa.

Na ce to, ka san sai ka buɗe butloda tukuna? Ya ce, "Yaya ai wannan layi ɗaya ne ake rubutawa." Gaskiyarsa, layi ɗaya ne: fastboot flashing unlock. Abin da masu bidiyon ba sa tsayawa su faɗa shi ne abin da layin yake kwancewa.

Sai da na zauna na yi masa bayani tun daga tushe. Butloda ita ce ke fara tashi idan ka danna madannin kunnawa, kafin Android ta farka. Aikinta ta duba sa hannun kamfani a kan abin da za ta loda, in ya yi daidai ta miƙa masa ragama, shi ma ya duba na gaba da shi, a haka har wayar ta gama kunnuwa. Tun daga Android 7.0 aka tsaurara wannan bincike. Rut kuwa, a yadda ake yinsa yanzu da manhajar Magisk, gyara fayil ɗin but, wato wanda wayar ke tashi da shi, ake yi a mayar da shi cikin wayar, kuma fayil ɗin da aka taɓa ba ya ɗauke da sa hannun kamfani. Shi ya sa dole a ce wa butloda ta daina ƙin abin da ba ta sani ba. Daga ranar kuwa ba kai kaɗai ta daina tambaya ba. Duk wanda wayar ta kwana a hannunsa da kebul zai iya loda mata abin da ya ga dama. Bayananka suna nan a kulle da lambar sirri, amma ana iya dasa abin da zai jira ka shigar da lambar.

Na farko da ya sa jikinsa ya yi sanyi shi ne da na ce buɗewar tana share komai. Hotuna, saƙonni, lambobi, kaf. Da gangan aka yi hakan don kada ɓarawo ya buɗe ya kwashe abin da ke ciki. Da muka fara lissafin abin da za a kwafe, sai ga manhajar da ke ba shi lambobin shiga imel da asusunsa na aiki, ita ma a wayar take, kuma bai taɓa ajiye lambobin ko-ta-kwana ba. Da ya yi abin nan shi kaɗai cikin dare, da yau ba zancen talla muke yi ba.

Na ce masa ba za mu taɓa wayar da yake rayuwa da ita ba. Akwai wata tsohuwa tawa da ke kwance a durowa, ita muka ciro muka sa caji. Kafin ta cika na sauke ainihin manhajar kamfani da ta yi daidai da lambar da ke cikin saitinta, harafi da harafi, na ware fayil ɗin but na asali a gefe. Ya yi ta ƙorafi wai ina ɓata lokaci. Muka danna lambar ginin sau 7, saitin masu ƙirƙira ya bayyana, muka kunna izinin buɗewa, ya rubuta layinsa. Wayar ta share kanta ta tashi da gargaɗi a allo cewa ba za a iya tabbatar da lafiyar manhajarta ba. Magisk ma ya hau lafiya lau. Yaro sai murna.

Murnar ba ta kai la'asar ba. Ya samo wani ƙari na toshe talla ya ɗora, wayar ta kashe kanta, ta nuna tambari, ta sake kashewa, ta sake nunawa. Haka ta yi ta zagaye. Na bar shi ya ɗan yi gumi kafin in karɓa, don in faɗi gaskiya na ji daɗin ganin fuskarsa. Wannan ƙaramar matsala ce: muddin wayar tana shiga fastboot, wato yanayin da take karɓar umarni daga kwamfuta ta kebul, mayar da fayil ɗin asali kawai za ka yi ta dawo. Shi ne fayil ɗin da ya ce ina ɓata lokaci a kansa.

Babbar matsalar ita ce wadda fastboot ɗin ma ba ya tashi. Allo baƙi, ba haske ba motsi, waya ta zama bulo. Abin da ke jawo haka yawanci loda fayil ɗin wata wayar ne mai kama da taka, ko kebul ya zame ana tsakiyar rubuta butlodar kanta, ko ƙoƙarin komawa tsohuwar manhaja alhali an sa shingen hana komawa baya. Google da kansa ya yi gargaɗi a 2022 cewa wayar Pixel 6 da ta hau Android 13 ba ta komawa Android 12. A wayoyi masu Qualcomm akwai wata ƙofar gaggawa ta ƙarshe da ake kira EDL, sai dai sau da yawa tana buƙatar fayil ko izini da ba kowa ke da shi ba. Akwai kuma sashen da ke riƙe da lambar IMEI, wadda kamfanin layi ke gane wayar da ita. In ya lalace ba ka da kwafi, wayar za ta kunnu tsaf amma ba za ta ga layi ba.

Bayan ta dawo, gargaɗin nan na allo ya dame shi. Kafin in ankara ya fara rubuta layin kullewa, wai a rufe butlodar a bar rut ɗin a ciki, a huta. Sai da na riƙe hannunsa. A ganina wannan ne tarko mafi muni a duk harkar, domin yana kama da gyara. Ka kulle butloda a kan fayil da aka taɓa, ta duba ta ga ba sa hannu, ta ƙi tashi, kuma kai ne ka rufe hanyar da za ka bi ka loda na asali. In izinin buɗewar ma ya kashe kansa a saiti, ga shi ba ka iya shiga saitin, to an gama. Ba a kullewa sai an mayar da komai na kamfani cif.

Ya tambaye ni, to in an mayar an kulle, shi ke nan kamar ba a yi ba? Ya danganta da wayar. A Samsung akwai wani ɗan fiyus na Knox, tsarin tsaron kamfanin, da ke ƙonewa da zarar an loda abin da ba na kamfani ba, lambarsa ta tashi daga 0x0 zuwa 0x1, kuma ba ta komawa. Secure Folder, wato ma'ajiyar sirri ta wayar, da biyan kuɗi da wayar sun tafi ke nan. Tsofaffin Xperia na Sony kan rasa wasu makullai da ingancin kyamara ya dogara da su. Wasu kamfanonin ma ba sa son a fara: Huawei ya daina ba da lambar buɗewa tun 2018, Xiaomi kuma ya saba sa mutum jiran awa 168. Garanti ma, da yawansu suna ɗaukar buɗewar a matsayin hujjar janye hannu.

Da yamma na sa shi ya ɗora manhajar bankinsa a kan tsohuwar wayar don ya gani da idonsa. Ta buɗe, ta ce na'urar ba amintacciya ba ce, ta rufe. Play Integrity, tsarin Google na duba amincin waya, ne ke kai rahoto, shi ne ya gaji SafetyNet. Ana samun dabarun ɓoyewa, amma dabarar wannan watan kan mutu a wata mai zuwa, kuma ni dai ba zan ɗora kuɗina a kan irin wannan guje-guje ba. A wasu wayoyin har ingancin bidiyon Netflix yana faɗuwa, saboda matakin Widevine, tsarin kare bidiyo daga sata, ya sauka daga L1 zuwa L3.

Ƙarshenta dai wayarsa ba mu buɗe ta ba. Manhajojin da suka tsaya masa a rai, da adb, wato hanyar ba wa waya umarni daga kwamfuta, muka cire masa su daga asusunsa ba tare da rut ba, kuma ana iya dawo da su in wani abu ya rikice. Talla kuwa adireshin DNS mai tacewa muka sa a saiti, ya ce sun ragu sosai, sai na cikin YouTube da wannan hanyar ba ta kamawa. Tsohuwar wayar na bar masa ya tafi da ita ya yi ta gwaji, da sharaɗin kada ya sa mata layi ko asusu, kada kuma ya goge fayil ɗin but daga kwamfutarsa. Ya ce gobe zai gwada ɗora mata LineageOS, wata Android da ba ta kamfanin wayar ba. Na ce ya fara duba ko samfurin yana cikin jerin waɗanda suke tallafawa kafin ya kira ni.